Ƙarar Makulli a Ɗakin Mata

Litinin, 1 ga Satumba

Malama ta karya mini yatsu biyu. Na hagu ne, da sauƙi, shi ya sa nake iya rubutu.

Wata guda ke nan da aka kawo ta wurinmu, ɗakin mata na sashen masu taɓin hankali. Malamar firamare ce, don haka kowa Malama yake ce mata. Ƙwayar kashe ciwo ta fara sha bayan hatsarin babur, daga nan maganin tari, daga nan ta fara jin muryoyi. Siririya ce kamar a hure ta ta faɗi, amma idan abin ya motsa sai mutum huɗu.

Da safe na shiga da tiren magani. Ban ma kai gadonta ba ta taso. Ta buge tiren, ta kama hannuna ta murɗe, na ji ƙas. Doguwa, abokiyar aikina, ta kira masu gadi. Aka riƙe ta, aka yi mata allura, aka kai ta ɗakin keɓewa, wanda babu komai cikinsa sai katifa.

Karo na uku, kuma duk ni. Na farko kofin shayi ta jefe ni da shi, na biyu ta yage mini riga. Sauran ma'aikata ko harara ba ta yi musu. Shekara ashirin ina wannan aiki, an tofa mini yawu, an zage ni har kakannina, amma ban taɓa jin tsoron marar lafiya ba sai yau.

Talata, 2 ga Satumba

Ina gida, hannu cikin filasta. Auta ce ke ɓalle mini maɓallin riga tana dariya, wai na zama jaririya. Maigida ya ce tun yaushe yake faɗa mini in koma ɗakin haihuwa, can dai jarirai ba sa karya mutum. Shi ma ya tsorata ne, haka yake nuna nasa.

Alhamis, 4 ga Satumba

Babbar Sista ta kira ni a waya. Ƙarshen wata za a zauna kan maganar Malama: ko ta ci gaba da zama wurinmu, ko a mayar da ita babban asibitin da ke da ɗakunan tsaro. Tafiyar yini guda ce a mota. Ta ce, “Ke aka ji wa ciwo, maganarki ce za ta fi nauyi.”

Na ce a kai ta. Ko numfashi ban ja ba kafin in faɗa.

Laraba, 10 ga Satumba

Na koma aiki, amma aikin mai hannu ɗaya: rabon shayi, awon jini, zama a tebur. Makullan ɗaki na miƙa wa Doguwa tunda ba zan iya buɗe ƙofa ina riƙe da kaya ba. Ta karɓa tana tsokanata, wai yau ɗaki zai huta da kiɗa. Sista Kacau-kacau suke ce mini, saboda kullum ina juya makullai a yatsa. Sun ce ana jin zuwana kafin a gan ni.

Yau ranar ziyara ce. Baban Malama yana kan bencin baranda kamar kowace Laraba da Asabar, da ledar ayabarsa. Tsohon direba ne, ƙafafunsa a kumbure, takalmin ma taka bayansa yake yi. Shi kaɗai ke zuwa. Uwarta ta rasu, mijin ya sallame ta tuntuni. Kuma tun da aka kawo ta ba ta yarda ta gan shi ba ko sau ɗaya. Yana zuwa, ya zauna har a tashi, ya ba da ayabar a kai mata, ya tafi.

Da ya ga filastar sai ya yunƙura zai durƙusa mini. Dattijo sa'an babana. Na ce, “Haba Baba, don Allah zauna.”

Ya ce, “'Yata, ki yafe mata. Wallahi da ko kaza ba ta iya kora.”

An riga an gaya masa maganar mayar da ita. Bai roƙe ni komai ba. Ya dai dubi ƙafafunsa ya ce nan ɗin ma da hutu biyu yake isowa.

Haushinsa na ji, ban san dalili ba. Ni ma ai ina da 'ya'ya, kuma da hannun nan nake ciyar da su.

Juma'a, 12 ga Satumba

Duk lokacin da na wuce gadonta sai bayana ya jiƙe da gumi. Ba wanda ya sani.

Litinin, 15 ga Satumba

A ƙa'idarmu, wanda aka ji wa ciwo yakan zauna da marar lafiyar idan ƙura ta lafa, su yi magana. Ni na koya wa sababbin ma'aikata wannan, amma ni ce nake ta zillewa. Yau ita ta fara.

Na miƙa mata shayi daga nesa, hannu a miƙe kamar mai ba wa raƙumi abinci. Ta karɓa da hannu biyu ta ce, “Sista, me ya sami hannunki?”

Na dube ta ko rainin hankali ne. Ba shi ba ne. Na ce, “Ke ce, Malama.”

Ta daɗe tana kallon filastar. Can ta ce, “Sun gaya mini. Na ɗauka cikin abubuwan da nake ji ne.” Sai kuma, “Ni ban gan ki ba ranar.”

Na ce to wa ta gani? Ta juya fuska bango.

Doguwa tana tsaye a bakin ƙofa, ta ce daga baya ashe jininmu ya fara haɗuwa. Na ce ta bar ni da wani jini, ni yatsuna nake so.

Alhamis, 18 ga Satumba

Ta samo alli, ban san a ina ba. Na tarar da ita a ƙasa tana koya wa Inna, tsohuwar gado na ƙarshe, rubuta sunanta a siminti. Inna da ba ta magana da kowa. Malama na cewa, “A'a, cikin ya fi haka girma, sake.” Muryar aji sak. Da na tsaya kallo ta ɗago ta ce in matsa, ina tare musu haske. Na matsa kuwa, kamar 'yar aji biyu.

Da rana jikinta ya tashi da neman maganin tari. Gumi, hamma, ciwon gaɓoɓi. Ta kama gefen rigata tana cewa cokali ɗaya kawai, ba wanda zai sani. Na ce babu. Ta zage ni tas, zagi mai tsari, ba kuskuren kalma ko ɗaya. Amma ba ta ɗaga hannu ba. Na jiƙa tawul na ba ta, ta karɓa tana ci gaba da zagin.

Ban canza ra'ayi ba. Ina rubuta abin da na gani ne kawai.

Litinin, 22 ga Satumba

An cire filasta, an ɗaure yatsun da bandeji. Na karɓi makullaina daga Doguwa, har na ji na dawo mutum.

Na shigo ɗaki ina juya su a yatsan dama, ban ma san ina yi ba. Malama na zaune bakin gado tana shan shayi. Kofin ya faɗi. Kafin in ƙifta ido ta faɗa lungu tsakanin gado da bango, ta rufe kai da hannuwa, tana cewa, “Kada ku ɗaure ni, zan ci, wallahi zan ci.” Sannan ta fara tasowa da irin idon ranar nan.

Tsoro ne ya sa na damƙe makullan a tafin hannu, ba dabara ba. Suka yi shiru. Ita ma ta tsaya. Muka tsaya muna kallon juna. A hankali idon ya dawo nata. Ta dubi shayin da ya zube ta ce, “Sista, na ɓata muku ƙasa.”

Na fita baranda na zauna. Kowane ma'aikaci a ɗakin nan yana da makulli, amma a aljihu suke ajiyewa. Ni kaɗai ke kaɗa su. Ranar kofi suna hannuna. Ranar riga suna hannuna. Ranar yatsu suna rataye a ɗan yatsana ƙarƙashin tire. Duk kwanakin nan da muke zaman lafiya kuwa suna aljihun Doguwa.

Laraba, 24 ga Satumba

Na zauna kusa da Baba a benci, na tambaye shi ko an taɓa kulle ta a gida.

Ya ce da abin ya yi tsanani ta sayar da keken ɗinkin uwarta, ta fara kwana a waje, sau biyu ana tsinto ta a bakin titi. Bai san akwai wuri irin namu ba. Sai ya sa ta a ɗakin baya ya kulle, yana ganin idan ba ta sami maganin ba za ta daina. Watanni. Idan ta ƙi abinci ko ta fara fasa kaya, sai ya kira 'ya'yan ƙaninsa su riƙe ta, a ɗaure da zane, ya ba ta a baki.

Na ce, “Baba, makulli fa?”

Ya ce, “Ai mace ce, 'yata. Ko ni na haife ta, ba zan faɗa mata ɗaki haka kawai ba. Sai in tsaya bakin ƙofa in kaɗa makulli, ta san ina zuwa ta rufe jikinta.” Ya nuna mini da hannu yadda yake yi. “Girmama ta nake yi.”

Na gaya masa abin da ya faru shekaranjiya. Ban so ba, amma ya tambaya. Ya sa hannu a aljihu ya fito da nasa makullan, uku ne a zare, ya ajiye su a cinya yana kallo. Hawaye na bin gemunsa bai share ba. Ya ce, “Ashe ni take gani.”

Na ce masa da bai kulle ta ba wataƙila da yanzu babu ita. Ban sani ba ko gaskiya ne. Na san dai ya yi abin da ya iya, shi kaɗai, da ƙafafun nan. Tausayinsa ya kama ni har na rasa inda zan sa idona, sai na ɓare ayabarsa ɗaya na ci. Ya ce in ƙara.

Alhamis, 25 ga Satumba

Na gaya wa Likita da Babbar Sista. Likita ya ce wannan babban abu ne, zai shigar da shi cikin zaman da yake yi da ita. Amma ya ce kada in ɗauka an gano bakin zaren duka: muryoyin suna nan, jarabar maganin tana nan, kuma duniya cike take da makullai. Zaman ranar Talata kan maganar mayar da ita yana nan yadda yake.

Na zuba makullaina cikin tsohuwar safar Auta na ƙulle. Doguwa ta ce an sa wa Kacau-kacau takunkumi. Yatsana sai juyawa yake yi a iska shi kaɗai.

Juma'a, 26 ga Satumba

Likita ya yi gaskiya. Yau babu makulli, babu komai, ta tashi tana faɗa da mutanen da ba ma gani. Ta ɗauki tire tana dukan ƙarfen taga. Muka fitar da sauran mata. Masu gadi suka iso, Doguwa ta zuƙo allura.

Na ce su ba ni ɗan lokaci, su tsaya inda zan gan su. Na shiga na zauna a ƙasa nesa da ita, na bar mata hanyar ƙofa a buɗe, na ɗora hannuwana a gwiwa inda za ta gan su. Na ce, “Malama, Sista ce. Ba wanda zai ɗaure ki.” Na yi ta maimaitawa kamar karatun yara. Ta ce suna cewa za a zo. Na ce ni ban ji su ba, amma na ga sun tsorata ta.

Ban san tsawon lokacin ba, ƙuguna dai ya gaya mini an daɗe. Ta ajiye tiren. Ta sha maganin da hannunta, ta kwanta. Ba a riƙe ta ba.

Babbar Sista ta yi mini faɗa, wai da yatsu takwas nake wasa. Tana da gaskiya.

Asabar, 27 ga Satumba

Da safe na gaya wa Malama maganar zaman Talata, don hakkinta ne ta sani. Na ce idan aka mayar da ita can, Baba ba zai iya zuwa ba. Yau ce ziyarar ƙarshe kafin zaman. Ta ce ba ta so. Na ce to. Na juya zan tafi ta ce, “Ƙofar ɗakin ziyara tana da makulli?”

Na ce babu, mariƙi ne kawai.

Ta ce, “To ni zan buɗe. Kada kowa ya buɗe mini.”

Na shigar da ita, na tsaya a kusurwa. Doguwa ta je ta yi wa Baba bayani. Ya ba ta makullansa ta riƙe masa tun daga benci, wai kada su yi motsi a aljihu. Muka ji jan ƙafarsa, sannan ƙwanƙwasa, a hankali, sau biyu. Ya yi sallama.

Ba ta motsa ba. Shi ma bai sake bugawa ba. Ina ganin inuwar ƙafafunsa ta ƙarƙashin ƙofa, na san tsayuwar nan azaba ce gare shi. Na cije baki don kada in ce komai. Can ta tashi, ta kama mariƙin, ta saki, ta sake kamawa. Ta buɗe kaɗan, daidai faɗin fuska.

Ta ce, “Baba, ka rame.”

Ya ce, “Ke ma, uwata.” Ashe sunan mahaifiyarsa aka sa mata.

Ba su rungumi juna ba, ba a yi maganar ɗakin baya ba. Ta ja masa kujera, ita ta zauna kusa da ƙofa, hannunta na kan mariƙin har aka gama. Ta tambaye shi wa ke yi masa wanki. Ya ce shi. Ta ce shi ya sa wuyan rigar ya yi haka. Da ta gaji ta ce ya isa, ya tashi nan take, bai nemi ƙari ba.

A baranda ya riƙa yi mini godiya. Na ce ni me na yi, tsayuwa kawai na yi a kusurwa.

Lahadi, 28 ga Satumba

Maigida ya tambaye ni me zan ce ranar Talata. Na ce ban sani ba tukuna. Ya ce shekara nawa muna tare, ya san wannan “ban sani ba” ɗin. Ya kama hannun ya duba yatsun, ya ce in dai riƙa tsayawa kusa da ƙofa.

Talata, 30 ga Satumba

An yi zaman. Likita ya karanto komai, har da na ranar Juma'a, bai rage ba. Babbar Sista ta ce a farkon wata na ce a kai ta, ko har yanzu ina nan kan bakana?

Na ce can ɗin ma ai makullai ne, sun ma fi namu yawa. Na ce sabon wuri zai mayar da aikin Likita baya. Na ce Inna ta kusa iya rubuta sunanta, bai kamata a katse mata karatu ba. Suka yi dariya. Babbar Sista ba ta yi ba, ta ce, “Idan ta sake fa?”

Na ce tana iya sakewa. Na ce ni zan riƙa kai mata magani.

An bar ta wurinmu, za a sake dubawa nan gaba. Dalilan aiki ne duk na kawo, kuma dalilan aiki ne.

Da na fito na ga Baba a benci, alhali yau ba ranar ziyara ba ce. Ya sa rigarsa mai kyau. A gefensa wata tsohuwar jaka, an ɗaure bakinta da igiya saboda zif ɗin ya mutu. Ya miƙe da ƙyar ya ce ya haɗo mata kaya ne, zannuwa da rigar sanyi, an ce can akwai sanyi. Ya ce ko za a bar shi ya ga tashin motar, ba sai ta gan shi ba.

Na ce, “Baba, mayar da jakar nan gida. Gobe Laraba, kada ka makara.”

Ya dube ni, bai gane ba. Na sake faɗa. Ya koma ya zauna a bencin, ya rungume jakar a ƙirji.

Na shiga banɗakin ma'aikata na daɗe. Doguwa ta buga ƙofa ta ce lafiya? Na ce yatsun ne ke mini zogi.